Kafin Ka Danna Wancan Akwatin: Yadda Nake Raba Aikin Izinin Waƙa Tsakanina da Na'ura

Wata safiya cikin sanyin Disamba, irin sanyin nan na Jos da ke sa mai shayi ya yi ciniki tun gari bai waye ba, ina buɗe situdiyona a titin Bauchi sai ga kiran wani Alhaji. Sati biyu kafin nan aka aurar da 'yarsa, kuma a wurina aka ɗauki waƙar bikin. Shi ya biya mawaƙi, ya biya mai kiɗa, ya ba 'yan amshi na goro. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, ashe waƙar da na biya da kuɗina ba tawa ba ce?"

Yaron da ya ɗauki bidiyon bikin ne ya ɗora aikinsa a YouTube domin dangi na nesa su gani. Bai jima da ɗorawa ba sai ga sanarwa cewa waƙar da ke ciki tana da mai ita, kuma duk kuɗin tallan da bidiyon zai kawo can za su tafi. Mu ne masu itan. Ranar da nake tura waƙar ga kamfanin da ke rarraba mana waƙoƙi a intanet, ni da hannuna na danna wani ɗan akwati da ke cewa a sa ta cikin Content ID, wato na'urar YouTube mai gano waƙar da aka sa a cikin bidiyo. Na danna ne kamar yadda na saba yi wa kowace waƙa. Na'ura ta yi aikin da na sa ta, ba ta ƙara ba ta rage ba. Da yamma sai da na je har gidan Alhaji a Anguwan Rogo na ba shi haƙuri, na dawo na rubuta wa kamfanin a janye. Tun daga ranar na sauya yadda nake aiki, kuma shi ne abin da zan shimfiɗa a nan ga mawaƙa da masu kiɗa da masu ɗaukar bidiyo.

Ka fara sanin abin da na'urar ta iya. Content ID ya fara aiki a 2007. Idan aka ba shi waƙa sai ya ɗauki wani abu kamar tambarin yatsa na sautinta, ya riƙa gwada shi da duk bidiyon da aka ɗora. In ya ji sun yi daidai, sai ya aiwatar da abin da mai waƙar ya zaɓa tun farko: ko a toshe bidiyon, ko a karɓe kuɗin tallansa, ko a bar shi ana lissafa masu kallo kawai. Facebook da Instagram ma suna da irin nasu. A wajen nemo inda aka sa waƙarka, babu ɗan Adam ɗin da zai kamo ƙafarsa. Ko ka ɗauki yara goma aiki suna duba waya dare da rana, ba za su gano rabin abin da yake ganowa ba. Rahoton da YouTube ya fitar na rabin farko na 2021 ya nuna iƙirarin mallaka sama da miliyan 700 ta wannan hanya. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 aka ƙalubalanta, amma a cikin waɗanda aka ƙalubalanta ɗin, sama da kashi 60 mai ɗora bidiyon ne ya yi nasara.

Kunne gare shi, amma bai san alkawari ba. Bai san wa ya biya ba, bai san wa ya ce "na yafe" ba, bai san wa ya gada ba. Duk wanda ya riga kai masa sauti ya ce nasa ne, shi ya sani. A farkon 2018 wani mai kiɗa a Ostireliya ya bayyana cewa bidiyonsa na awa goma, wanda babu komai cikinsa sai shuuu irin ta rediyon da ya ɓata tasha, ya sha iƙirarin mallaka har biyar. A jihar Arizona ta Amurka kuma an gurfanar da wasu mutum biyu masu kamfanin MediaMuv, waɗanda suka kwashe sama da dala miliyan 20 ta hanyar cewa su ne masu dubban waƙoƙin da ba nasu ba. Shekaru suna yi kafin asiri ya tonu, domin na'ura ba ta da dalilin zargi.

Saboda haka aikin farko ba a kwamfuta yake ba. Takarda ce da biro, kafin mawaƙi ya shiga ɗakin ɗauka.

A kowace waƙa akwai dukiya biyu, kuma rashin raba su ne tushen yawancin rigimar da nake gani. Ta farko ita ce waƙar kanta, wato baituka da kari, abin da za ka iya rerawa a bakinka ko da an ɗauke wuta. Ta biyu ita ce wannan ɗaukar da aka yi a ranar, da muryar wane da kiɗan wane, wadda muke kira masta. Mutum zai iya mallakar ɗaya bai mallaki ɗayar ba. A takardar da nake kira takardar rabo, ina rubuta sunan waƙa, ranar ɗauka, wanda ya rubuta baiti, wanda ya fitar da kari, wanda ya yi kiɗa, 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya biya kuɗin situdiyo, da kason kowa a kowace dukiyar. Kowa ya sa hannu, na ɗauki hotonta na tura wa kowa a WhatsApp nan take. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta ce sallama haƙƙi ga wani, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Izinin da bai keɓanta ba kuwa ana iya bayar da shi da baki. To ka ga "ai mun yi magana" tana da iyakar inda za ta kai ka.

Na san yadda abin yake da nauyi a wurinmu. Ka miƙa wa abokinka na yarinta takarda ka ce ya sa hannu, sai ya dube ka ya ce, "Haba ɗan'uwa, har mun kai nan?" Amsar da nake bayarwa ita ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ranar da waƙa ba ta da ko sisi kowa mai kirki ne. Ranar da ta fashe, aka fara jin ta a Keke Napep daga Terminus har Bukuru, a ranar ne 'yar amshi za ta tuna ita ta kawo layin da kowa ke maimaitawa, kuma sau da yawa gaskiya ta faɗa. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta zauna a kan bencin ƙofar situdiyona, mayafinta a fuska, tana kuka ba sauti, domin muryarta ce ke tashi a wayar kowa amma ko sunanta babu a jikin waƙar. Babu manhajar da za ta gyara wannan. Sai da na tara su, na kunna ainihin fayil ɗin ɗaukar, muka ware muryarta ita kaɗai kowa ya ji, sannan mawaƙin ya ce, "Gaskiya Anti, naki ne."

Sai maganar kiɗa, kuma a nan ina so ka natsu. Yaranmu da yawa suna sayen kiɗan da aka riga aka haɗa, ko a wurin mai fiyano na unguwa ko a intanet. Tambaya ɗaya za ka yi kafin ka biya: ni kaɗai ka sayar wa, ko kana sayar wa wasu? In kiɗan haya ne, wato mutum goma za su iya hawa kansa, to ba ka da damar sa waƙarka cikin Content ID. Ƙa'idar YouTube ce cewa sai abin da kai kaɗai ke da iko a kansa. Haka guntayen sautin da ke zuwa cikin manhajar haɗa kiɗa, waɗanda kowa ke ɗiba. In ka yi kunnen ƙashi ka danna, na'ura za ta bi duk wanda ya hau wannan kiɗan ta ce kayanka ya ɗauka, alhali shi ma kuɗinsa ya biya. Wani yaro da nake yi wa aiki ya gamu da haka ta ɗaya gefen: wani mawaƙi a wani gari ya riga shi dannawa a kan kiɗan da dukansu suka saya. Abin da ya cece shi shi ne rasit da saƙon da mai kiɗan ya rubuta masa cewa na haya ne. Saboda haka ka ajiye rasit, ka ajiye saƙo, ka roƙi mai kiɗa ya ba ka kiɗan a warware, ganga daban, fiyano daban. Wanda ke da kiɗa a warware ya fi ƙarfin hujja.

Tsofaffin waƙoƙi kuma suna buƙatar kunya da sanin ya kamata fiye da komai. Mutane suna ɗauka in mawaƙi ya rasu waƙarsa ta zama ta kowa. A doka, haƙƙin baiti da kari yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu, na ɗaukar sauti kuma shekara 50 ne. Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi, ya rasu a Yunin 2015, to lissafa ka gani: sai ƙarshen 2085. In ka sake rera baitinsa da sabon kiɗa, mai yiwuwa na'ura ta yi shiru, tunda ba ainihin sautin da aka ba ta ta ji ba. Shirun nan ba izini ba ne. Ka nemi magada, ka je da ƙafarka, ka gaishe su, ka faɗi abin da kake so, a rubuta. Waƙoƙin gaɗa da na daka da na niƙa, waɗanda ba a san wanda ya fara su ba, doka ta sa su cikin kayan gargajiyar al'umma, kuma Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, mai hedikwata a Abuja, ita aka ɗora wa kula da su. Ni dai ra'ayina a nan ba ya rawa: waƙar da kakarka ta rera tana niƙa, in ka ɗauke ta a situdiyo, ɗaukar taka ce, amma kada ka kai wa na'ura ita da sunan kai ka ƙirƙiro karin, har ta riƙa bin 'yan mata masu gaɗa a makaranta.

Idan takarda ta kammala, to yanzu ka bar na'ura ta yi abin da ta fi ka iyawa. Kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby su ne dillalai tsakaninka da Spotify da Apple Music da sauransu. Za su ba kowace ɗauka lambar ISRC, mai harafi da lamba 12, wadda da ita ake lissafa duk inda aka saurare ta. Ka rubuta lambar a littafi. In wata rana ka sauya dillali, ka tafi da lambarka, kada a ba ka sabuwa tarihin waƙar ya rabu biyu. Ka tsayar da yadda ake rubuta sunanka sau ɗaya: in da ƙugiya ne, kamar Ɗ ko Ƙ, ko yaushe da ƙugiya, in babu, ko yaushe babu. Na'ura tana iya ɗaukar rubutu biyu a matsayin mutum biyu, kuma sunayenmu suna yawan kama da juna, sai ka iske waƙarka a shafin wani. Wasu dillalan suna da tsarin raba kuɗi kai tsaye, kowa kasonsa ya faɗa asusunsa. Wannan ina son sa ƙwarai, domin yana cire zargi tsakanin abokai. Amma kason da ka rubuta masa shi zai raba, ko da zalunci ne.

Akwatin nan kuwa, yanzu kowace waƙa sai na tsaya na yi mata tambayoyi kafin na taɓa shi. Kiɗan namu ne mu kaɗai? Akwai wanda na riga na ba izini, kamar furodusan fim ko gidan talabijin ko mai biki? In akwai, na fara tura wa dillali adireshin tasharsa a sa shi cikin waɗanda ba za a taɓa ba, har da tashar mawaƙin kansa, domin na'ura tana kama mai waƙa da waƙarsa in ba a gabatar mata da shi ba. Sannan me muke so da waƙar? Sabon mawaƙin da ke neman a san shi, alherinsa ne 'yan rawa da masu barkwanci su ɗauki waƙarsa su yaɗa, bai kamata ya tsorata su ba. Ka kuma duba abin da dillali ke yanka a kuɗin Content ID, wasu kashi 20 ne cikin 100, wasu sun fi haka. Waƙar biki, waƙar suna, waƙar da wani ya sa aka yi masa don kansa, ba na sa su ciki sam.

To in kai aka yi wa iƙirari fa? Kada hankalinka ya tashi. Iƙirarin Content ID daban, katin gargaɗi daban. Na farko bidiyo ɗaya ya shafa, ba ya taɓa lafiyar tasharka. Katin gargaɗi yana zuwa ne in mai haƙƙi ya nemi a sauke bidiyon a hukumance, yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, kuma in suka taru uku ana iya rufe tashar. Ka buɗe sanarwar ka duba wane ne ya yi iƙirarin, wace waƙa, daga wane minti zuwa wane. Ka saurari wurin da kunnenka. In da gaske kayan wani ne, kamar waƙar da DJ ya saka a filin biki ta shiga kyamara, ka yanke wurin, ko ka kashe sautinsa, ko ka haƙura da kuɗin tallan. Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙasan bidiyo ba ya hana komai, haka ambaton sunan mawaƙi.

In kuwa kana da gaskiya da hujja, ka ƙalubalanta, kuma ka yi cikin kwana 5 na farko, domin a lokacin ne ake riƙe kuɗin tallan tun daga ranar da aka yi iƙirarin har a warware. In ka wuce haka, daga ranar da ka yi magana za a fara riƙewa. Ka rubuta gajeren bayani: ni ne wane, ga yarjejeniyata da wane, ga ranarta. Wanda ya yi iƙirarin yana da kwana 30 ya amsa, in bai amsa ba iƙirarin ya faɗi. In ya ƙi, kana iya ɗaukaka ƙara, a nan kwana 7 gare shi. Ka lura da wani abu: ba YouTube ke yanke hukuncin ba, shi wanda kuke jayayya da shi ne ke dubawa, kuma yana iya neman a sauke bidiyon ka samu kati. Shi ya sa kafin na kai nan nake neman mutum. A harkarmu ta Hausa, daga Jos zuwa Kaduna zuwa Kano, da wuya ka yi kira uku ba ka samu lambar wanda ya danna ba. Sau da yawa shi ma bai san abin da akwatinsa ya jawo ba, kamar yadda ni ban sani ba. "Oga, don Allah duba min kaza" ta sha warware min cikin yini ɗaya abin da zai ci wata guda.

Bayar da izini ga mai nema, shi kam ban taɓa barin sa ga wani tsari ba. Mai shagon atamfa zai zo yana son waƙa a tallansa, ɗan takara zai aiko yaransa, ɗalibin Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke nan Jos zai zo da ɗan gajeren fim ɗinsa ba shi da ko kuɗin mota. Farashinsu ba ɗaya ba ne, amsarsu ma ba ɗaya ba. Ɗalibin nakan ba shi kyauta a rubuce, da sharaɗin in fim ɗin ya shiga kasuwa mu sake zama. Mai talla kuma sai mun rubuta wace waƙa, sakan nawa, a ina za a sa, rediyo ko intanet ko duka, wata nawa, kuma shi kaɗai ne ko ana iya ba abokin gasarsa. Akwai wanda ya zo da kuɗi masu kauri yana son waƙar wani mawaƙina a tallan caca. Na kira mawaƙin na faɗa masa adadin. Ya yi shiru, ya ce, "Yaya, mahaifiyata tana jin waƙar nan." Muka mayar da kuɗin. Ka kuma sani, waƙar da ka bari dillali ya kai rumbun TikTok ko Instagram, kowa na iya ɗora ta a kan bidiyonsa ba tare da ya tambaye ka ba. In waƙar bege ce ko ta ta'aziyya, ka yi tunani tun kafin ta tafi. 'Yan kasuwa kuma su sani cewa ganin waƙa a rumbun ba ya nufin an halatta musu yin talla da ita.

Abu ɗaya da dillalin intanet ba ya karɓo maka shi ne kuɗin sa waƙa a gidan rediyo da otal da zauren taro. Wannan aikin ƙungiyoyin karɓar haƙƙi ne da NCC ta amince da su, kamar MCSN a ɓangaren waƙa da AVRS a ɓangaren fim. Sai ka yi rajista ka kai musu jerin waƙoƙinka da kason kowa, daidai da abin da ke takardar rabo. Rajistar aiki a NCC ba sharaɗi ba ce ta samun haƙƙi, haƙƙinka yana tabbata ne tun ranar da aka ɗauki aikin, amma shaidar tana da amfani ranar jayayya.

Duk ƙarshen wata nakan ware dare ɗaya, bayan isha'i, na buɗe rahoton dillali na bi jerin bidiyoyin da aka kama da sunanmu. Wanda ya kwashi waƙa sukutum ya ɗora a tasharsa yana cin kuɗi, na bar shi da na'ura. Wanda na ga makaranta ce, ko walima, ko wani da muka yi magana da shi na manta ban rubuta ba, na sa a sake shi. A takardar waƙar biki kuma yanzu akwai layin da nake karanta wa mai biki da mawaƙi a tare kafin a kunna makirufo: mai biki da iyalinsa da mai ɗaukar bidiyonsa suna da izinin ɗora wannan waƙa a duk inda suke so ba tare da wa'adi ba, mawaƙi yana da damar rera ta da sa ta cikin kundinsa, kuma babu ɗayansu da zai kai ta Content ID sai da sa hannun ɗayan.